Ƙishirwar Wanda Aka Ƙona

Samarin yanzu in suka zauna suna muhawara a kan littattafan Turawa da na mutanen ƙasar Hindu, suna auna fatalwa da dodanni kamar masu awon gyaɗa, nakan saurare su kawai. Su don cin jarrabawa suka karanta. Ni kuwa ran ƙanena nake nema sa'ad da na yi nawa karatun.

A zamanin ina malamin makarantar elimantare a nan Kontagora, Turawa suna kan mulkinsu. Gidanmu gidan malamai ne tun kafuwar gari, gama kakanmu da gafaka ya shigo, ba da kwari da baka ba. Ni ne na fari da aka bayar boko a zuriyarmu, kuma ban kunyata wanda ya bayar da ni ba. Ƙanena kuwa allo bai riƙe shi ba, boko ma haka. Da aka zo ɗaukar soja sai ya bi su ba da sanin mahaifinmu ba, aka kai su yaƙin Bama ta ƙasar Hindu.

Ya komo cikin bazara, da akwatin ƙarfe da bargo, gaɓoɓinsa duka lafiya. Aka yanka rago, aka yi sadaka. Amma tun ba a gama zuwa barka ba na soma lura da waɗansu abubuwa. In ya zauna a tabarma, gefe yake zama, ya bar rabi. In muna tafiya kasuwa, bakin hanya yake bi, kamar mai ba wani wuri. Tuwo kuwa sai ya tsakura ya ture. Da dare lafiya lau yake kwana. Rana ce abokiyar gabarsa: da zarar inuwa ta taƙure ƙarƙashin ƙafa, sai ya shige ɗakinsa ya zauna yana zufa, ba ya kishingiɗa, ba ya amsa kira. Kafin ruwan fari ya sauka, mutumin da ke ɗaga buhun dawa da hannu ɗaya ya zama ana ƙirga haƙarƙarinsa ta cikin riga.

Wata rana na taso daga makaranta da tsakar rana, ina shiga gida sai wani ƙamshi ya tare ni a ƙofar ɗakinsa. Ƙamshin itacen sandal ne da man shanu a kan wuta, a ƙarƙashinsu kuma da wani abu wanda ba zan ambata ba. Na ɗaga asabari. Ba wuta, ba hayaƙi, shi kaɗai ne a gefen tabarma.

Na ce, "Wa ke turare da rana tsaka?"

Ya ɗago kai, ya yi wata dariya marar daɗi. "Kai ma ka ji, Yaya? Alhamdu lillahi. Da na ɗauka hancina ne ya haukace ya bar ni."

Zan zauna kusa da shi sai ya kama hannuna. "Ba nan ba. Ga buzu can."

Ya buɗe akwati ya fito da wata 'yar tukunyar tagulla, bakinta ɗaure da jan ƙyalle, ya miƙo mini. Ɗakin da sanyi, gama ginin ƙasa ne mai kauri, akwatin kuma yana lungu. Tukunyar kuwa da ɗumi take, irin ɗumin goshin mai zazzaɓi.

A nan ya ba ni labari. Yana da aboki a soja, ɗan Dukkawa daga wani ƙauye bayan Tungan Magajiya, mai bin al'adar kakanninsa. Shi ya goya ƙanena a baya cikin dajin Bama sa'ad da zazzaɓi ya kayar da shi. Da yaƙi ya ƙare, suna jiran jirgi a ƙasar Hindu, sai atuni ya kama abokin, ya rasu a asibiti. Wani tsohon diresa mai jinya a asibitin, mutumin ƙasar, ya zo yana tambayar yadda za a yi da gawa. Musulmi ne? Ƙanena ya ce a'a. Kirista ne? Ya ce a'a. Sai fuskar tsohon ta washe, ya haɗa tafukansa ya sunkuyar da kai. A ganinsa, wanda ba wannan ba kuma ba wancan ba, to, nasu ne. Ƙanena ya tafi neman izini da shebur. Kafin ya komo, tsohon da 'yan'uwansa sun kai abokin bakin kogi, sun saya masa itace mai tsada, sun yi masa abin da suke yi wa iyayensu.

"Karamci suka yi masa, Yaya, ba wulaƙanci ba. Ni na amsa. Gaskiya na faɗa, gaskiyar ta ƙone shi."

Tsohon ne ya ba shi tokar a tukunyar nan, ya nuna masa da hannu ya zuba a babban ruwa, ya haɗa masa da wani ɗan littafi na Turanci mai labarun ƙasarsu. Ƙanena ya ƙetare teku bai zuba ba. Jirgin ƙasa ya hau gadar Jebba, kogin Kwara yana ƙarƙashinsa, ya fito da tukunyar ta taga, hannunsa ya ƙi buɗewa. Tun daga ranar, in ji shi, abokin yake zuwa da tsakar rana, sa'ar da aka cinna masa wuta, ya zauna a damansa.

"Kana ganinsa?"

"Wa ke buƙatar gani? Kai in mutum ya zauna kusa da kai ba ka sani?" Ya turo mini littafin da yatsa. "Kai da ka haɗiye takardun Nasara har suka fito maka a tumbi, yau ga ranarsu. Duba mini abin da wanda aka ƙona yake so. Kada ka gaya wa Baba."

Na ɗauki littafin. A makaranta kuma akwai wani akwatin littattafai da Baturen makaranta ya bar mana, cikinsu da masu labarun fatalwa, waɗanda a da nake ɗauka tatsuniyar mutanen da sanyi ya hana su fita. Na jera su a gabana, na karanta su yadda aka koya mini karanta fiƙihu a zaurenmu, wato ina neman hukunci.

Abin da na fara ganewa shi ne, kowace al'umma daga addininta take yanka wa fatalwarta riga. Turawa sun gaskata mamaci yana kwance yana jiran ranar hisabi. Saboda haka wanda ya komo a labarunsu mai ƙara ne wanda ya kasa jiran alƙali. Ko an kashe shi ba a sani ba, ko an hana shi kabari a harabar coci, ko ya bar wani alkawari. Ba ya rabuwa da gidan da abin ya faru, yana hawa bene yana sauka, shi kaɗai, cikin sanyi. Kuma na lura da wani abu da ya maimaitu: masu gidan gudu suke yi, suna toshe kunne, abin yana ƙaruwa, har a sami mai ƙarfin hali ya tsaya ya tambaye shi bukatarsa. Fatalwar Bature tana da ladabin mutanenta, ba ta fara magana sai an yi mata.

Littafin ƙasar Hindu kuwa wata duniya ce dabam. Cike yake maƙil, kamar kasuwa ranar cinta: masu hannaye da yawa, da macizai masu sarauta a ƙarƙashin ruwa, da dodanni waɗanda ibada ce ta ba su ƙarfi, ba rashinta ba, abin da ya daɗe yana ba ni mamaki. A wurinsu mutuwa zango ce, rai kuwa falke ne, ya sauka nan ya tashi ya sauka can. Mamacinsu ba ya kawo ƙara, ba ya neman fansa. In ya maƙale, guzuri ne bai samu ba, guzurin kuwa ruwa ne daga hannun jininsa. Wanda ba a zuba wa ba yakan tsaya tsakanin zango da zango, maƙogwaro a bushe.

Ban gaskata ko ɗaya daga cikinsu ba, kuma har gobe ban gaskata ba. Amma wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa yake yi. Na koma wurin ƙanena na ce masa, "Na Turawa sun ce a tambaya."

"In tambaye shi? Da wane baki?"

"Da wanda kuke hira da shi a daji."

Washegari Lahadi ce, ba makaranta. Na zauna a buzu, shi a gefen tabarma. Gari ya yi tsit, kaji sun shige ƙarƙashin rumbu, ko kurciya ba ta kuka. Inuwar ƙofa ta janye. Ƙamshin ya shigo a hankali, ba daga waje ba, daga tsakiyar ɗakin. Ƙanena ya juya damansa, ya yi magana da Dukanci, harshen abokin, 'yan kalmomi, murya ƙasa-ƙasa. Ni ban ji amsa ba, kuma ba zan ƙara a kan abin da na ji ba. Abin da na gani shi ne leɓunan ƙanena sun bushe a gaban idona har suka tsage, shi da ya shanye moɗa guda kafin mu zauna. Ya daɗe kafin ya iya haɗa harshe.

Ya ce, "Ƙishirwa."

Na tashi na ɗebo ruwa a randa zan zuba a tukunyar, sai ya rufe bakinta da tafinsa. "Na sha gwadawa. Ba namu yake so ba."

A nan na san maganar ta fi ƙarfin littafi, ta kuma fi ƙarfin alkawarin da ya ɗora mini. Bayan la'asar na sami mahaifinmu a zaure, ɗalibai sun watse, na durƙusa na zayyana masa kome. Bai katse ni ba, carbinsa bai tsaya ba.

Da na gama ya ce, "Matattu ba su komowa. Wanda ya tafi yana inda Ubangiji Ya ajiye shi, ko ƙasa ta ci shi, ko wuta, ko kifi."

"Allah gafarta Malam, to, wa ke zama kusa da shi?"

"Ban ce ba kowa ba. Na ce ba mamacin ba ne." Ya dube ni. "Halittun da ba mu gani sun fi waɗanda muke gani yawa, a cikinsu kuma akwai masu son gidan da mai shi ya fita."

Na yunƙura zan sake tambaya.

"Amma ku bar wannan," in ji shi. "Kai da karatunka, shi da yawonsa, kun tsallake abin da ɗan ƙaramin ɗalibi ya sani. Ɗan mutane yana cikin akwati a gidana, uwarsa tana can tana duban hanya. Wannan amana ce. Ba ta kogi ba ce, ba tamu ba ce. Ku mayar wa masu ita. Kada ku rusuna wa abin da suke rusuna wa, kada ku ci yankansu. Ban da wannan, abin da uwar ta roƙe ku, ku yi mata."

Muka tashi a kan kekena, gama ƙanena ba shi da ƙarfin tuƙi. Na goya shi a baya, tukunyar tana cikin jaka a ƙirjinsa. Ruwan fari ya riga ya sauka, manoma sun fita shuka, hanyar Rijau ta yi laushi. Da safe keken tafiya yake kamar ni kaɗai ne a kai, don ƙanena ya zama kara. Amma da rana ta take, sai feda ta yi tauri, tayar baya ta nutse cikin ƙasa, na riƙa haki kamar mai hawan dutse a fili shimfiɗaɗɗe.

Ya ce daga bayana, "Yi haƙuri, Yaya. Da ma shi ƙato ne."

Ban juya ba. Na karanta abin da na sani, na ci gaba da tuƙi.

Muka kwana a hanya, muka wuce Tungan Magajiya, muka ajiye keke muka ƙarasa da ƙafa. Ƙauyen 'yan gidaje ne a gindin tudu. Uwar abokin tsohuwa ce maginiyar tukwane, muka same ta a bayan ɗaki, hannuwanta cikin yumɓu. Hausarta a karye take, amma ba ta ɓata ma'ana. Ƙanena ya durƙusa ya faɗa mata kome, bai rage ba, har da tambayar diresa da amsar da ya bayar.

Ban ji ta yi kururuwa ba. Ta wanke hannu, ta karɓi tukunyar, ta kwance ƙyallen, ta leƙa.

"Duka ke nan?"

"Duka ke nan, Inna."

"Yaron da ya cinye mini rumbu." Ta rungume ta a ƙirji tana jijjigawa. "Da zafi. Tun can yake da zafi haka?"

Dattawan ƙauyen suka taru a gindin wata ɗorawa. Su mutane ne masu binne nasu kusa da gida, su kifa tukunya a kan kabari, don mamaci a wurinsu bai fita daga cikin iyali ba. Amma toka ba su taɓa binnewa ba. Wani ya ce ba a haƙa kabari don abin da iska za ta iya ɗauka. Wani ya ce in babu jiki, wa za a kwantar, ina kai, ina ƙafa? Wani tsoho mai ido ɗaya ya dube ni ya ce da Hausa, "Kai mai takalmi, an ce kun karanta. Me takarda ta ce?" Na ce takardu sun saɓa, amma sun haɗu a kan cewa na gida ake nema. Ya ce, "Wannan ai ko akuya ta sani," aka yi 'yar dariya, ni ma na yi.

Suna cikin haka tsohuwar ta tashi ba ta nemi izinin kowa ba. Ta shimfiɗa fata, ta ɗora busasshen yumɓu dakakke, ta juye tokar a kai, har da 'yan gutsattsarin ƙashi. Sa'an nan ta miƙa wa ƙanena tulu.

"Kai ka kawo shi. Je rafi. Wanda ya sha yana yaro."

Ƙanena ya dube ni. Na auna maganar mahaifinmu, na ce masa, "Ɗebo wa tsohuwa ruwa ba shirka ba ne. Tafi."

Ya komo yana tangaɗi, rana tana gab da take tsaka. Ta sa tafukanta a kan garin, ta ce ya zuba ta kan hannunta. Ya zuba. Na sha ganin mata suna kwaɓa yumɓu, na san abin da tulu guda yake yi. Wannan ya shanye tulun ƙaf, fatar da ke ƙarƙashi ko danshi ba ta yi ba. Ta ce ya ƙaro. Ya koma rafi, ya sake komawa. Ƙamshin sandal ya taso a filin nan har na ga tsoho mai ido ɗaya yana shafa hanci yana waige-waige. Tsohuwar kuwa tana ta cuɗawa tana magana da harshensu, irin muryar da ake lallashin yaro ya sha magani.

Can sai yumɓun ya kama. Ƙamshin ya ɗauke kamar an rufe ƙofa, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya maye wurinsa.

Ta gina masa jiki, tsawon kamu ɗaya ko fiye kaɗan, da kai da kafaɗu masu faɗi, ta ja masa tsagen gidansu da tsinke. Wata mata ta tambaye ta ko za a gasa. Ta ce, "Ya sha wuta ta ishe shi." Ɗanye aka naɗe shi, ɗanye aka kai shi kabari. Mu muka tsaya daga nesa, bayan dangar gona, har suka gama abin da suke yi. Aka kawo mana nama muka ba da haƙuri, aka kawo dafaffiyar gujiya muka karɓa.

Ƙanena ya cinye ƙwaryar, ya sa hannu a tawa. Sa'an nan ya miƙe a gindin ɗorawa, a tsakiyar tabarma, ya baje hannu da ƙafa, ya yi barci da rana har inuwa ta yi tsawo. Tsohuwar ta zo ta tsaya a kansa ta ce, "Bar shi. Ya yi dako." Da za mu tafi ta miƙo mini tukunyar tagulla, ta ce ba ginin ƙasarsu ba ne, ba ta da wurin ajiye ta. Na taɓa. Sanyi ƙalau.

A hanyar komawa shi ya tuƙa, ni a baya, yana yi mini ba'a wai malaman boko sun fi buhun gishiri nauyi. Ya rayu, ya yi noma a Mashegu, ya ga jikokinsa.

Tukunyar tana wurina har yau, a kan kantar littattafaina, tsakanin na Turawa da ɗan littafin ƙasar Hindu. Na riƙe maganar mahaifina, mamaci ba ya komowa. Sai dai na riƙe ɗaya maganar tasa kuma, ta masu son gidan da mai shi ya fita. Don haka ban taɓa barinta wofi ba. Kowace safiya nakan cika ta da ruwa, in rufe bakinta da faifai. In na duba bayan azahar, wani lokaci a cike take, wani lokaci kuwa ba a cike ba.